Jinjirin Wata a Katin Iya Tabawa

To jama'a, ku gyara zama. Ku na baya ku ɗan dakata da ɓarar gyaɗar nan, ku ara mini kunnuwanku. Tatsuniyar da na kawo muku yau babu kura babu zaki a cikinta, ta mutane ce irinmu. Ni nawa faɗi ne kawai, in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A garin Kwarin Maɗaci an yi wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ta riƙe jikokinta uku tun suna ƙanana, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Kallamu, shi ke ba da magani a ɗakin shan magani na garin. Mutum ne mai daɗin baki, in ya ce maka sha, ko maɗaci ne sai ka shanye har ka yi masa godiya. Autansu Sha'aibu mai zane ne, shi ke yi wa manyan motoci da shaguna fenti. In ya zana rago a jikin mota, sai ka ji kamar ka miƙa masa dusa. Ta tsakiyarsu ita ce Lantana. Ta yi karatu a birni, ta dawo tana aiki da wata cibiya mai binciken yadda mutane ke fahimtar takardu da sanarwa. Aikinta shi ne ta shiga gida, ta miƙa wa mutum takarda, ta ja bakinta ta yi shiru, ta ji abin da zai ce takardar ta gaya masa.

Iya ta raɗa musu sunaye tun suna yara: Mai baki, Mai hannu, da Mai kunne. Mazan biyu kuma, da yake akwai wasan kaka da jika, kowanne "angona" take ce masa. Lantana kuwa "ƙawata" ce. Kuma ba zan ɓoye muku ba, Lantana ba ta taɓa son sunan nan na Mai kunne ba. Kallamu in ya yi magana ana ji, Sha'aibu in ya yi zane ana gani, ita fa? Ta yini tana sauraron mutane, ta dawo da ƙura a ƙafa, babu wanda zai nuna wani abu a gari ya ce wannan aikin Lantana ne. Tana son 'yan'uwanta, wannan babu ja. Amma duk ranar da aka yabi ɗayansu a gabanta sai abin ya sosa mata rai. Kishi ne, kuma ita ma ta san kishi ne.

Ana nan, sai likitar da ke zuwa garin duk ranar kasuwa, Dakta Suwaiba, ta lura da wani abu. Tsofaffi masu hawan jini sun yi yawa, Iya Tabawa ma tana cikinsu. Ƙwaya biyu ake ba su, fara da safe, ja da yamma. Yawancinsu ba sa karanta boko, abin da aka gaya musu da baki kuma kafin su isa gida ya bi iska. Sai ta tara jikokin Iya ta ce su yi mata kati mai hoto, wanda tsoho zai kalla ya san lokacin shan kowace ƙwaya ba tare da ya nemi mai karanta masa ba. Aka raba aiki. Kallamu zai faɗi abin da ake so katin ya ce, Sha'aibu zai zana, Lantana kuma za ta kai shi gidaje ta gwada kafin a raba wa kowa.

Sha'aibu ya zauna ya zuba gwaninta. A sama ya zana rana tana haske, ga farar ƙwaya kusa da ita. A ƙasa ya zana jinjirin wata siriri da ɗan tauraro, ga jar ƙwaya kusa da shi. Kai, katin ya yi kyau! Ranar da ya kawo shi ɗakin shan magani mutane suka yi ta miƙa wa juna suna salati. Iya ta rangaɗa guɗa ta ce, "Hannun angona ba irin na mutane ba ne." Kallamu ya ɗaga katin sama yana murmushi, ya juya ya ce, "Lantana, wannan ai gwajin naki cika sharaɗi ne kawai. Wa zai ga rana da wata ya kasa ganewa?"

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta sauka inda bai kamata ba. Lantana ta karɓi katuna ashirin na gwaji, ta sa a jakarta, ta je ɗaki ta rataye jakar a ƙusa. A ranta ta ce, tunda aikina cika sharaɗi ne, to sharaɗin ya cika kansa. Bayan mako guda Kallamu ya tambaye ta ko a fara rabawa. Ta ce, "Ku raba mana, Yaya, tunda ya yi kyau." Ba ta ce ta gwada ba, ba ta kuma ce ba ta gwada ba. Aka raba katin gari duka, kowa na kiransa katin Sha'aibu.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, wata safiya Iya tana shanya kuɓewa a tsakar gida, sai jiri ya kwashe ta, ta faɗi tim. Kallamu ya ɗauke ta a guje zuwa ɗakin shan magani. Da aka auna jininta, ya hau fiye da duk yadda ya taɓa hawa. Allah ya taimaka ta farfaɗo. Dakta Suwaiba ta tambaye ta, "Iya, kina shan maganin kuwa?" Iya ta ce, "Yadda katin angona ya ce, 'yar nan, ban taɓa tsallakewa ba." Likita ta ja jikokin gefe ta gaya musu gaskiya: ba Iya kaɗai ba ce, tsofaffi da yawa jininsu ya ƙi sauka, kuma kowa rantsuwa yake yana bin katin. In ba a gano dalili ba, faɗuwar Iya ta gaba ba lalle ta tashi ba. Kallamu ya ce ƙila maganin ne ba shi da ƙarfi. Sha'aibu ya ce ƙila gishiri take ci a ɓoye. Lantana kuwa sai ta tuna jakar da ke rataye a ƙusa.

Ga abin da Lantana ta yi. Bayan la'asar ta sauko da jakar, ta shiga ɗakin Iya ta zauna a bakin gado. Ba ta tambaye ta ko tana shan magani ba, don wannan an riga an tambaya an ji amsa. Ta miƙa mata kati ta ce, "Iya, nuna mini yadda kike yi." Iya ta jawo gwangwani biyu daga ƙarƙashin matashi. Na farar ƙwaya ya kusa ƙarewa. Na ja kuwa cike yake fal.

"Wannan fa, Iya?"

"Ke ƙawata, duk bokon naki ba kya gani? Ga rana nan, wannan ta rana-rana ce, kullum nake sha. Ga wata nan, wannan ta wata-wata ce. Na sha ɗaya da watan Cika-ciki ya tsaya, na sha ɗaya da na bayansa ya tsaya. Yanzu na Mauludi nake jira."

Innalillahi! Lantana ta sake duban katin. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba, katin ta bi. A bakinmu rana ita ce ta sama, ita ce kuma ta ƙidaya. Wata shi ne na sama, shi ne kuma na kwana talatin. Kuma ba cikakken wata Sha'aibu ya zana ba, jinjiri ya zana, irin wanda ake fita nema ranar ashirin da tara. Wanda ya tsufa yana duban jinjirin wata don ya san ranar azumi da ranar salla, me kake so ya gane? To amma bari in faɗa muku abin kunya, tunda na ce ba zan ɓoye komai ba. A cikin tsoron nan sai da wani ɗan daɗi ya ɗarsu a zuciyar Lantana: ashe hannun angon ma yana kuskure. Nan take ta yi istigfari, amma daɗin ya riga ya zo ya wuce, ta kuma san ya zo.

Ba ta tsaya a kan Iya ba. Kwana huɗu tana yawo, gida talatin ta shiga, ko'ina ta miƙa kati ta yi shiru. Cikin talatin ɗin, goma sha tara jiran wata suke. Wani dattijo, Malam Nomau, har ya ce mata shi da kansa yake fita bayan gari duban jinjirin, don kada a makara da gaya masa ya saɓa wa likita. Da Lantana ba ta yi wannan zaman ba, da an yi ta sauya magani ana hana tsofaffi gishiri, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya da kati a hannu.

Ga kuma abin da Kallamu ya yi. Da Lantana ta zube musu abin da ta gano a zauren gida, Sha'aibu ya dafe kai ya fashe da kuka. Sai aka zo kan tambayar da ta fi wuya: to me za a zana a madadin watan? Lantana dai ta san abin da ya ɓaci amma ba ta san abin da zai gyaru da shi ba. Sha'aibu ya ce masallaci. Kallamu ya ce sai su sha sau biyar. Sha'aibu ya ce fitila. Kallamu ya ce wanda ba shi da kananzir ranar ya huta ke nan. Aka ce a rubuta "yamma" da manyan baƙaƙe, aka tuna masu karatun ba su da yawa, kuma yammar wani la'asar ce, ta wani sai bayan isha'i. Sai Kallamu ya tuna wani abu. Shekara goma sha biyu yana zaune a tagar ba da magani yana jin yadda mutane ke faɗin lokacin da ciwo ya kama su, bai taɓa jin tsohuwa ta ce ƙarfe shida ba. Abin da suke cewa shi ne, tun da zakara ya yi cara, ko kuma, kaji na shiga akurki ke nan. Ya ɗago ya ce, "Wata sau ɗaya yake tsayawa, kaza kuwa kullum sai ta shiga akurki." Nan ya ƙulla maganar da za ta zauna a baki: fara da carar zakara, ja da shigar kaji.

Bai tsaya nan ba, ya yi abin da ya fi wannan nauyi. Ranar kasuwa ya ari lasifika, ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ce, "Ni Kallamu na ba ku katin nan, ni na ce ku bi shi. Kuskure ne, laifina ne, ku dawo mini da shi." Bai ambaci ƙanensa ba, bai ambaci ƙanwarsa ba. An yi masa dariya, wata mata ta zage shi tas a gaban mutane, ya haɗiye. Waɗanda ba su kawo ba ya bi su gida ya karɓo, yana koya musu sabuwar maganar da baki kafin sabon kati ya fito. Ba don Kallamu ba, da babu wanda ya tuna da kaza, kuma da tsohon katin yana nan a ƙarƙashin matasan tsofaffi, don babu wanda za su yarda su miƙa wa sai shi.

Sai abin da Sha'aibu ya yi. Magana a baki tana shuɗewa, shi ya sa tun farko aka nemi kati, sai dai zana kaza ba wasa ba ne. Na farko ya zana kaza kyakkyawa kusa da jar ƙwaya. Lantana ta kai gidaje, aka ce mata ai da naman kaza ake shan wannan. Wata gwauruwa har ta ce a gaya wa likita ta yi haƙuri, kajinta biyu ne kacal. Na biyu ya zana akurkin shi kaɗai, aka ce rumbu ne. Na uku ya haɗa kaza da akurki amma da siririn layi, Iya mai yana a ido ta ce ita dai ƙura take gani. Duk dawowar da Lantana za ta yi sai ta ajiye masa katin a gaba ta ce, "Bai yi ba." Kuma yadda take faɗin "bai yi ba" ɗin nan, akwai gishirin da ya fi na aiki yawa. Sha'aibu yana ji, bai taɓa mayar mata ba, sai dai ya ce, "To, Yaya Lantana," ya ɗauki sabuwar takarda.

Ya rufe shagonsa kwana tara, masu motoci suna zuwa suna komawa. Kullum in rana ta yi ja sai ya tsuguna a bayan akurkin Iya yana kallon kaji, har maƙwabta suka fara cewa yaron nan ko lafiya. A nan ya gano abin da babu wanda ya gaya masa: lokacin shiga akurki ba a ganin fuskar kaza, bindinta ake gani. Sai ya zana kaji uku ta baya, sun jeru, ta gaba rabinta ya riga ya shige. Ya yi layin da kauri, baƙi wuluk, yadda mai raunin ido zai gani. A sama ya ɗora zakara kan danga, ya miƙe wuya baki buɗe. Ƙwayoyin kuma ya zana su daidai girmansu da launinsu, yadda in ka ɗora ta gaske a kai za ta rufe hoton. Wannan shi ne zane na bakwai. Lantana ta kai gida talatin, babu wanda ya kuskure ko ɗaya. Iya ta kalla ta ce, "Af, ai kajina ne! Ga wake-waken nan marar kunya, kullum ita ce ta ƙarshe." Ba don Sha'aibu ba, da binciken Lantana ya tsaya a jaka, maganar Kallamu kuma ta tsaya a iska.

Iya ta warware sarai. Kafin damina ta faɗi, da ƙafarta ta je suna ƙauyen gaba ta dawo. Malam Nomau ya daina fita bayan gari. Gari kuwa ya rabu biyu, wasu na cewa katin Sha'aibu don kajinsa ne a kai, wasu na cewa katin Kallamu don maganarsa mata ke rerawa a bakin turmi. Ko mutum ɗaya bai ce katin Lantana ba. In ta wuce ta ji ana rera "ja da shigar kaji" sai ta ƙara sauri, idonta ya kawo ruwa.

Rannan Dakta Suwaiba ta zo da albishir. Za a buga katin a raba a duk ƙauyukan yankin, kuma a ƙasansa za a sa sunan mutum ɗaya, wanda zai shugabanci aikin tsara irin waɗannan katuna nan gaba. Za ku ce a sa sunan duka ukun mana. Ai an gwada, kuma Lantana da kanta ta gwada. Da tsofaffi suka ga rubutu layi uku a ƙasa, sai suka ɗauka wani umarni ne da ba su ji ba, suka ajiye maganin har sai sun sami mai karanta musu. Layi ɗaya gajere ne kawai bai tsorata su ba. Ita ta rubuta wannan a rahotonta da hannunta, ga shi yau ya dawo ya tsaya mata a gaba. Likita ta ce ita ba za ta shiga tsakanin 'yan'uwa ba, wadda aka ceto ita za ta faɗi sunan.

Da hantsi suka zauna gaban Iya a tsakar gida. Kallamu ya sunkuyar da kai, Sha'aibu yana wasa da tsinke a ƙasa. Lantana ce ta kasa daurewa. Ta ce, "Iya, da ban zo na ce ki nuna mini ba, da yanzu zaman makoki muke. Sau ɗaya dai a rayuwata a ce ni ce."

Iya ta kalle ta ta ce, "Gaskiya kika faɗa, ƙawata. Kowa tambayata yake ko na sha, ke kaɗai kika ce in nuna miki. Amma jakar nan da ta yi wata biyu a ƙusa, ni nake kaɗe mata ƙura duk safiya. Ban san me ke ciki ba sai ranar da kika sauko da ita. Da kin zo tun farko, ai da tun farko na gaya miki." Lantana ta rufe fuska da mayafi. Ba ta taɓa zaton wani ya sani ba.

Iya ta juya ga mazan. "Kai kuma angona mai hannu, da wata ka kusa kai ni kabari, da kaza ka dawo da ni. Kai angona mai baki, kai ka ce ba sai an gwada ba, kai kuma ka tsaya a kasuwa ka sha zagi don ƙannenka." Ta tafa hannu ta ce, "Ku uku kuka kayar da ni, ku uku kuka tashe ni. Wallahi bakina ba zai iya fitar da suna ɗaya ba."

To ga inda magana ta tsaya, jama'a. Katunan suna can wurin mai buga takardu, an bar ɗan gurbi fari a ƙarƙashin kajin, ƙauyuka kuma suna jira. Ga Lantana da ta gano ciwon, bayan kishinta ya bar shi ya yi wata biyu yana ci. Ga Kallamu da ya samo kazar ya kuma ɗauki kunyar, bayan bakinsa ya raina gwaji. Ga Sha'aibu da ya zana abin da ya ceci tsofaffi, bayan hannunsa ya zana abin da ya kusa hallaka su. Gurbin na mutum ɗaya ne. Ku da kuka ji komai, sunan wa za a rubuta a ƙarƙashin kajin nan?